Ranar Da Rediyo Ta Kama Bakinta

Shafi na 17

Masu turo min saƙo kuna cewa na bar Mama a saman mota iska na kaɗa ta, ku yi haƙuri, ga ta nan na sauko muku da ita lafiya.

Motar yawon buɗe ido, mai hawa biyu wadda samanta ba rufi, ta tsaya a bakin tsohuwar gada. Mama ta sauko tana dafe da mayafi da hannu ɗaya, waya a ɗayan. Satinta guda ke nan da zuwa ƙasar nan ganin Auta, kuma a satin nan ba abin da ya wuce ta gabanta bai sha sharhi ba. Ba a banza ɗalibanta suka laƙaba mata Rediyo ba, lokacin tana shugabar makarantar firamare.

"Ni fa mutum-mutumin can ne ya ba ni tausayi," in ji ta. "Mutum ya yi wa gari wahala, a ƙarshe a tsayar da shi a rana tattabaru na yi masa kashi a ka. Me ma kika ce ya yi?"

"Shi ne ya g-gina..."

"Gadar, na sani. Ai daga ganin tsayuwarsa."

Auta ta buɗe baki, ta mayar ta rufe, ta yi murmushi.

Haka suke tun fil azal. Auta da i'ina aka haife ta, gadon Baba ne, don shi ma kalma kan tsaya masa a wuya. Mama kuwa Allah ya hore mata baki, sai ta ɗauke wa su biyun nauyin magana. Kafin su kai rabi ta ƙarasa musu. Ita a wurinta wannan ƙauna ce, kuma gaskiya ƙaunar ce.

Direban motar ya leƙo ta taga, wani dogo mai gemu da fara'a. Ya ɗora hannu a ƙirji ya gaida Mama, sannan ya ce wa Auta da Turanci, "Sai anjima. Kada ki ji tsoro."

Mama ta bi shi da kallo, ta dawo da idon kan 'yarta. Tun safe take lura. Da suka hau, wannan direban har saukowa ya yi ya buɗe musu ƙofa. Matar da ke riƙe da makirfo tana ba fasinjoji tarihin gari kuwa rungume Auta ta yi kamar 'yar'uwarta.

"Wannan dogon fa?"

"Ab-abokin..."

"Hm. Aboki." Mama ta gyara zaman mayafi, baki har kunne. "Yana da ladabi dai, ba laifi."

Suka hau gadar a ƙafa. Ruwan kogin ya yi shuɗi, ƙananan jirage na wucewa a ƙasa, wani tsoho na busa sarewa a gefe. Mama ta sa Auta ta ɗauke ta hoto ta gabas, ta ɗauke ta ta yamma, ta ce a sake don iska ta lanƙwasa mata ɗankwali. A tsakiyar gadar Auta ta tsaya, ta riƙo hannunta.

"Mama, wajen da za mu je yanzu, taron masu k-koyon magana a gaban jama'a ne. Yau ni ma zan yi."

Mama ta zaro ido.

"Ke? A gaban mutane? Haba Auta, wa ya tilasta miki? Ki bari in..."

"Mama."

Yadda ta faɗa ya sa Mama ta dakata.

"Akwai abin da zan faɗa a can. Ke nake so ki f-fara ji, kafin kowa a gida. Amma ki yi min alkawari ɗaya. Yau ba za ki ƙarasa min magana ba. Ko na tsaya, ko na daɗe a tsaye, ki bar ni."

"Yo ni yaushe na taɓa ƙarasa miki magana?"

Auta ta zuba mata ido kawai.

"To, to, na ji. Na yi alkawari. Ai ni shiru ba ya min wuya."

Jama'a, ku dai riƙe wannan maganar.

Taron a ɗakin karatu na unguwa ake yi, a wani ɗaki na bene mai ƙamshin tsofaffin littattafai. An jera kujeru, an kafa teburin tsayuwa a gaba. Mutanen ba su cika ɗakin ba, amma kowane iri akwai: ɗalibai, wata mai aikin jinya da kayan aikinta a jiki, wani mai kanti da ya zo da ƙaramin kwando. Shugabar taron wata 'yar tsohuwa ce mai farin gashi, da ƙaramar ƙararrawa a gabanta.

A bayan ɗakin, kan wani tebur, an ajiye fitilu uku, kore da rawaya da ja. Wanda ke zaune a bayansu kuwa ba kowa ba ne illa dogon direban nan, ya canza riga har da fesa turare.

Mama ta zunguri Auta da gwiwar hannu.

"Ashe har nan ya biyo mu."

"Shi ne mai k-kula da lokaci."

"Ai na ga alama. Lokaci kam ya yi."

A ranta ta gama haɗa komai. Yarinya ta ce akwai magana, ta ce uwa za ta fara ji, ga saurayi ya sha turare ya zauna a baya. Me ya rage? Har ta fara tunanin kalar da ƙawayenta za su sa.

Shugaba ta kaɗa ƙararrawa, ta yi wa baƙi bayanin tsari. Kore na nufin ka yi abin da ya isa, rawaya ka fara naɗe tabarma, ja ka sauka. Sai babbar dokar gidan: in mai magana ya tsaya, ba mai taya shi, ba mai jefa masa kalma, jiransa ake yi har ya samo abinsa da kansa.

Mama ta ji dokar ƙarshen, ta yi kamar da wani ake. Bayanin fitilun kuwa ya wuce ta, don lokacin tana ƙare wa takalmin direba kallo.

"Muna da baƙuwa daga nesa," in ji Shugaba. "Kuma a nan baƙo ba ya tafiya bai ce komai ba. Ko za ki taso ki zaɓi tambaya?"

An sosa wa Mama inda ke mata ƙaiƙayi. Kafin a rufe baki ta isa gaba, ta zura hannu a kwandon mai kanti, ta zaro tambaya: me ya fi ba ki mamaki a garinmu?

Ta gyara murya irin ta taron safe a makaranta, ta saki Turancinta na tsofaffin malamai, mai sitaci.

Ta fara da karnukan garin da ake sa wa riga, alhali ga mutum-mutumi tsaye a sanyi ba ko hula. Ɗakin ya fashe da dariya. Ta koma kan motar da ba rufi, ta ce a garinsu in mota ta rasa rufi gareji ake kai ta, a nan kuwa layi ake bi a hau. Fitila ta yi kore, Mama ta ɗauka an ce ta ci gaba. Ta shiga labarin gidan tarihi, inda ta ga an kulle tsohuwar tukunya a gilashi, irin wadda kakarta ta jefar a bayan gida. Fitila ta yi rawaya. Ta yi ja. Direba ya ɗaga jar fitilar sama yana kaɗawa, Mama ta ɗaga masa hannu ita ma, ta ce a ranta yaron akwai son mutane.

Abin da ba ta sani ba, a gidan nan in mutum ya zarce ja, tafi ake masa don ya sauka. Aka fara tafi. Mama ta dafa ƙirji.

"Na gode, na gode. Tunda kuna so, bari in ƙara muku da na lif ɗin otal."

Mai aikin jinya ta kwanta a kafaɗar na kusa da ita don dariya. Auta ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Sai da Shugaba ta taso da kanta, ta rungumo Mama tana kaɗa ƙararrawa a hankali, sannan aka samu Rediyo ta koma kujera.

"Kin ga yadda ake yi ko?" ta raɗa wa Auta. "Ba wuya."

"Na g-gani, Mama. Kowa ma ya gani."

Aka ba da ɗan hutu, Auta ta tafi gefe tana shan ruwa. Mama ta zauna daɗi na cin ta, kuma ita daɗi ba ya zama a cikinta shi kaɗai. Ta tuna an ce ita za ta fara ji. To amma labarin alheri, a ɓoye wa uba? Ai ita da Malam abu ɗaya ne. Ta zaro waya ta kira shi ta bidiyo.

Baba ya bayyana a shagonsa na kafinta, fensir a bayan kunne, garin katako a gira.

"Malam, ajiye zarton nan ka zauna," ta ce ƙasa-ƙasa. "'Yarka za ta yi jawabi a gaban jama'a. Kuma ina jin suruki za ta kawo mana. Ka yi shiru dai, kallo kawai."

"To, amma t-ta..."

"Ta sani mana, kada ka damu."

Ta jingina wayar a jikin jakarta a kan cinya, fuskar na kallon gaba.

Ƙararrawa ta kaɗa. Aka kira Auta.

Ta fito cikin jar rigar da Mama ta ɗinko mata daga gida, ta dage sai ta sa yau. Ta dafa teburin da hannu biyu. Mama ta ƙura mata ido. Ta tuna ranar da aka tsayar da yarinyar nan karatu a aji uku, yara suka yi ta kwaikwayonta, ta dawo gida ta shige bayan ƙofa. Tun ranar Mama ta rantse ba za ta sake barin 'yarta a tsaye ita kaɗai da kalma a wuya ba.

"Sunan jawabina," in ji Auta, "J-jar riga."

Ta ja numfashi.

"Ina 'yar ƙarama Mama ta kai ni kanti. Mai kanti ya ce, wace kala kike so? Na ce, ina son... sai maganar ta tsaya. Mama ta ce, ja take so. Aka ba ni ja. Da aka sake komawa, mai kanti bai ma tambaya ba. Daga nan jakar makaranta ja, takalmi ja, labulen ɗakina ja. Ga shi yau ma." Ta kama gefen rigar ta ɗaga. "Jama'a, ni sh-shuɗi nake so."

Dariya ta tashi. Mama ta saki baki.

"Yo ba ki taɓa..." ta fara, sai ta tuna alkawari, ta haɗiye sauran da ƙyar.

"Ko yau da rana," Auta ta ci gaba, idonta na ƙyalli da tsokana, "mun ga mutum-mutumin bakin kogi. Mama, ba gada ya gina ba. M-makarantar makafi ce."

Wannan karon har Mama sai da ta dara, tana girgiza kai. Ja'irar yarinya, ashe tara ta take yi.

"Ba ƙarar mahaifiyata na kawo ba. Duk wanda ya taɓa yi min dariya, sai da ya gwammace bai yi ba, don Mama har gida take bin mutum. Ita ce bakina lokacin da ba ni da baki. Da na gama sakandare aka ce me zan karanta, na ce ina so in zama... Mama ta ce, mai gwajin jini a asibiti, aikin da ba sai an yi surutu ba. Ta zaɓa min inda ba wanda zai ji ni balle ya yi dariya. Na karanta, na zo nan, na yi aikin. Ni da kwalabe, daga safe har yamma. Kwalba ba ta dariya, amma kuma ba ta amsawa."

Fitila ta yi kore.

Auta ta dubi Shugaba. "Sauran da harshen gida zan faɗa, in an yarda."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Auta ta juyo ta fuskanci Mama sosai, ta koma Hausa.

"Mama, abin da nake so ki sani shi ne, na s... na s..."

Maganar ta tsaya cak.

Leɓenta na motsi, ba abin da ke fita. Jijiyar wuyanta ta miƙe, idonta ya rufe. Ba wanda ya yi tari, ba wanda ya sunkuyar da kai. Mai kantin nan mai kwando ya harɗe hannu yana kallonta hankali kwance, kamar mai jiran ruwa ya tafasa.

Mama kuwa wuta ce ke ci a ƙirjinta. Ga maganar nan a kan harshenta, a shirye: na samu miji. Kalma uku kacal, ta faɗa ta sauke wa 'yarta wannan azaba. Ta ɗago daga kujera, ta koma. Ta damƙi gefen mayafi ta cusa a baki ta cije. Wallahi haihuwar Auta ba ta ba ta wuya kamar wannan shirun ba.

Fitila ta yi rawaya. Direba bai ko kalli agogo ba.

Auta ta saki numfashi, ta buɗe ido.

"Na sauya aiki."

Mayafin ya faɗo daga bakin Mama.

"Na bar asibiti. Motar da muka hau yau, a can nake yanzu. Matar da ta rungume ni, ita ke koya min. Wancan," ta nuna direba, "abokin aikina ne, shi ya kawo ni gidan nan, matarsa ce mai aikin jinyar can. Jibi zan riƙe m-makirfo ni kaɗai, in ba mutane tarihin gari. Abin da na so in faɗa ke nan tun ranar, Mama. Ina so in zama mai magana."

Ta sake komawa Turanci ta ce, "Na gode," daidai lokacin da ja ta kama.

Ɗakin ya ɗauki tafi, wasu har da miƙewa. Ba su ji Hausa ba, amma sun san labarin, da su aka yi ta gwaji. Mai aikin jinya, matar direba, ta ɗago wa Mama hannu tana murmushi. Mama ta tuna ankon da ta gama zaɓa, kunya ta rufe ta.

Auta ta sauko ta durƙusa a gabanta.

"Mama?"

"A saman mota?" Muryar Mama ta fito siririya. "Gaban baƙi daga ko'ina? In ta tsaya miki fa, kamar yanzu? In suka yi dariya, ni ina can gida, wa zai..."

"Ranar gwajin farko wasu sun yi. Na jira suka gama, na ci gaba. Da muka sauka, wata mata ta ce ɗanta ma haka yake, ta ce in tsaya ya ɗauki hoto da ni." Ta kama hannun Mama. "Na ajiye miki kujerar gaba, jibi. Za ki zo?"

Mama ta dubi 'yarta, ta ga tsayuwar da ta yi ita kaɗai ba ta faɗi ba. Alfahari ya cika ta har ya fi tsoron yawa. Hawaye suka zubo, tana dariya tana sharewa. Ta buɗe baki, jawabi guda na nan a cikinta, amma abin da ya fito bai wuce wannan ba:

"Zan zo. Kuma gobe mu je a sayo miki shuɗiya."

Auta ta faɗa jikinta. Shugaba ta tambaya me aka ce, aka fassara mata, ta kaɗa ƙararrawa ta ce wannan ne jawabin baƙuwa mafi kyau a yau, kuma ko kore bai kai ba. Dariya ta sake ɓarkewa.

"Saura Baba," Auta ta raɗa mata a kunne. "Shi ke faɗa wa kowa 'yarsa na asibiti. Ki bar ni in sh-shirya tukuna. Kada ki faɗa masa, don Allah."

Mama ta ƙame.

Ta sauke ido a hankali zuwa cinyarta. Wayar na nan jingine da jaka, tana haske.

"Auta."

Muryar ta fito daga wayar, mai kauri, a nutse. Auta ta saki Mama ta ja baya, ta dubi wayar, ta dubi uwarta.

"Mama! Tun yaushe?"

"Tun... tun kafin ki hau," in ji Mama, tana neman inda za ta sa fuska. "Ni na ɗauka maganar aure ce."

Baba ya cire fensirin daga bayan kunne ya ajiye. Ya matso har fuskarsa ta cika wayar, ba murmushi, ba ɗaure fuska.

"Na ji k-komai. Ni ma akwai abin da zan ce. Malama, ke ma ki ji. Ni tun ranar da... tun ranar da..."

Maganar ta tsaya masa.

Bakin Mama ya buɗe da kansa, sabo na shekara da shekaru. Sai ta nemi abin da za ta ƙarasa masa, ta rasa. Faɗa zai yi? Albarka zai sa? Ko shi ma yana da tasa jar rigar? Mutumin da ta zauna da shi tun tana budurwa, yau ta gane ba ta san ƙarshen maganarsa ba.

Auta ta ɗora hannu a kan nata. Shugaba ta sa yatsa a leɓe, ɗakin gaba ɗaya ya yi shiru. Direba ya miƙa hannu ya kashe fitilun duka uku.

Mama ta jawo gefen mayafi ta mayar baki ta cije.

Baba ya rufe ido, ya ja dogon numfashi.